Shafin Da Mutum Ke Fara Gani Bayan Ya Shiga Manhaja: Tambayoyi Da Amsoshi

Masu gina manhaja sun yi yawa a Zariya yanzu, daga ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru zuwa na Kwalejin Nuhu Bamalli, har da matasan da suka koya da kansu a waya. Yawancin aikin da ke zuwa hannunsu na gida ne: manhajar makaranta, ta kantin magani, ta ƙungiyar adashi, ta mai sayar da taki da irin shuka. Abin da ke damuna shi ne ana ƙure adaka wajen ƙawata shafin rubuta suna da kalmar sirri, amma shafin da ke bayansa, wanda mutum zai riƙa gani safe da yamma, sai a jibge masa duk abin da ya zo hannu. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kansa, da amsar da nake bayarwa.

Malam, wannan shafi ba ɗaya ba ne da wanda ake tallata manhaja a kai?

Ba ɗaya ba ne. Shafin talla da baƙo yake magana, wanda bai riga ya yanke shawara ba, don haka aikinsa jan hankali da lallashi. Shi kuwa wanda ya shiga ya riga ya amince da kai. Ya yi rajista, ya tuna kalmar sirri, wataƙila ma ya zauna jiran lambar OTP ta iso. Ba ya buƙatar ka sake gaya masa manhajar na da kyau. Aiki ne ya kawo shi, kuma yana so ya gama ya koma harkarsa.

To me ya kamata ya zo a sama?

Abin da ya kawo mutumin. Amsar gajera ce, gano ta ne aikin, domin ba a zaune gaban kwamfuta ake sanin ta ba. Sai ka je ka ga masu amfani da idonka.

Dubi mai tireda a Sabon Gari. Sukari da madara da katin waya suna nan kusa da hannunsa, domin su ake nema kowane minti. Fitilar caji da tukwane kuwa suna can saman kanta, sai an tambaya ya tashi ya sauko da su. Bai ɓoye komai ba, sai dai ya san abin da ya fi fita.

Ɗauki manhajar wata makarantar kuɗi a Tudun Wada. Da ƙarfe takwas saura kwata malama na tsaye gaban aji, alli a hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun, yara na hayaniya, wasu ma yanzu suke shigowa. Abu ɗaya take so: ta kira suna. Idan ta shiga ta tarar da hoton ginin makaranta, da saƙon barka da zuwa, da akwatuna goma sha biyu masu launi daban-daban, kuma kiran suna yana ɓoye ƙarƙashin na tara, gobe littafin rajista za ta ɗauko, kuma ta yi gaskiya. Abin da ya dace ta gani shi ne sunan ajinta, da ranar yau, da babban maɓalli guda da aka rubuta wa "Fara kiran suna".

Ni dai abu uku nake dubawa a kowane shafi irin wannan. Shin ya gaya wa mutum halin da ake ciki, kamar kuɗin da ya rage ko kayan da suka kusa ƙarewa? Shin ya nuna masa abin da ke jiransa, kamar saƙon da bai karanta ba ko fom ɗin da ya bari rabi? Sannan ya miƙa masa aikin da ya fi yi ba tare da ya nema ba? Duk abin da bai shiga cikin waɗannan ba, ya koma jerin zaɓi. Tun 1952 masanin halayyar ɗan adam William Hick na Birtaniya ya nuna cewa lokacin da mutum ke ɗauka kafin ya zaɓa yana ƙaruwa ne gwargwadon yawan abin da aka jera masa. Kowane akwati da ka ƙara, lokacin malamar nan ka ci.

Ke nan kowa da irin shafinsa?

Idan ayyukansu sun bambanta, ƙwarai kuwa. A wannan makarantar, uba yana son ya san nawa ake binsa da ko sakamakon yaro ya fito. Ma'aji yana son ganin wa ya biya jiya da wa ya rage. Shugaban makaranta ne kaɗai ke buƙatar hangen komai a dunƙule. Tunda sun shiga da sunansu, ka san ko su wane ne, saura ka yi amfani da wannan sanin.

Sai dai a kula da abu ɗaya: ɓoye maɓalli ba tsaro ba ne. Idan ka cire wa uba maɓallin ganin asusun makaranta amma saba, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan manhajar, ba ta bincika matsayinsa kafin ta ba da bayani, duk wanda ya san adireshin shafin zai shiga. Dole binciken ya kasance a can bayan fage.

Kowace manhaja da na gani tana da dashbod mai zane-zanen ƙididdiga. Dole ne ni ma in sa?

Ba dole ba ne, kuma a yawancin manhajojinmu ba shi da amfani. Na san dalilin da ya sa ake son sa: yana burge mai ba da kwangila ranar nuna aiki, kuma samfuran kyauta da ake saukewa daga intanet duk da shi suke zuwa. Amma dubi manhajojin da mutane suka fi buɗewa. WhatsApp kai tsaye yake kai ka ga hirarrakinka. Gmail yana buɗe maka akwatin saƙo. Babu wanda ke tarbarka da zanen yawan saƙonnin da ka aika a wata.

Ga yadda za ka gane ko adadi ya cancanci wuri: ka tambayi kanka, idan wannan lamba ta canza, me mutumin zai yi? Mai kantin magani a Kwangila, in ya ga "Magunguna 6 za su lalace cikin kwana 30", zai tashi ya duba kanta, ya sayar da su ko ya mayar. In kuwa ya ga "Jimillar magunguna tun buɗe shago: 14,000", babu abin da zai yi da ita. Ta farko ta zauna a sama, kuma ta zama abin dannawa da zai kai shi ga jerin magungunan shida. Ta biyu ta tafi shafin rahoto.

Inda zane ke da amfani shi ne wurin wanda sa ido shi ne aikinsa, kamar manajan da ke kula da masu POS a rassa da yawa. Shi ma zane ɗaya ko biyu sun ishe shi.

Wanda ya yi rajista yanzun nan ba shi da komai a ciki. Me zan nuna masa?

Nan ne aka fi yin asarar mutane, kuma nan ne masu gini suka fi mantawa, domin su kullum da bayanan gwaji suke aiki, ba su taɓa ganin shafin a wofi ba. Sabon mutum ya shigo ya tarar da sifiri huɗu a jere da farin fili, sai ya ɗauka manhajar ta lalace ko sabis ne ya ɗauke.

Ka yi masa magana. Rubuta "Ba ka saka kaya ba tukuna", a ƙasa ka sa maɓallin "Saka kayanka na farko". Idan sai ya bi matakai kafin manhajar ta yi masa amfani, jera su gajeru, uku ko huɗu, ana yi wa wanda ya gama alama. Da zarar ya kammala, jerin ya ɓace har abada. Kuma ka bambanta yanayi uku da suke kama da juna a ido: babu komai tukuna, ana kan ɗaukowa, da an kasa ɗaukowa. Mai adashin da aka nuna masa ₦0 saboda sabis ya yanke, hankalinsa zai tashi ba gaira ba dalili, kuma zai kira shugaban ƙungiya da faɗa.

Zagayen gabatarwa fa, irin wanda ake latsa "gaba, gaba, gaba"?

Yawancin mutane tsallake shi suke yi. Ya fi kyau bayanin ya fito a daidai lokacin da mutum ya zo kan aikin. Haka neman izini. Tun Android 6.0 na 2015 ake tambayar izinin kyamara ko wuri a lokacin amfani, kuma daga Android 13 na 2022 har aika sanarwa sai an nemi izini. Kada ka tara su duka a minti na farko. Nemi izinin kyamara sa'ad da mutum ya danna "Ɗauki hoton rasit", a lokacin ya san dalili kuma zai yarda.

Shafina yana buɗewa nan take a kwamfutata, amma ana ƙorafin yana da nauyi. Ina matsalar?

Matsalar ita ce ba a kwamfutarka ake amfani da shi ba. Mai amfani yana riƙe da ƙaramar waya da hotuna da bidiyo suka cika, caji saura kaɗan, datar kwana ɗaya ya saya, kuma yana iya kasancewa a hanyar Giwa ko Soba inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa.

Akwai ma'aunai da aka daɗe da sani. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhaja, ya bayyana iyakoki uku na lokacin jira a 1993: abin da ya faru cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa mutum yana jin nan take ne, zuwa daƙiƙa 1 tunaninsa bai katse ba, amma in aka wuce daƙiƙa 10 hankalinsa ya tafi wani wuri. A 2020 kuma Google ya fitar da nasa ma'aunin na shafukan intanet, inda ya ce babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Shafin bayan shiga ya fi kowane shafi haɗarin nauyi, domin shi ne ke jawo bayanai daga wurare da yawa lokaci guda.

Abin yi a bayyane yake. Fara ɗauko abu mafi muhimmanci, sauran su biyo baya, kada ɓangare ɗaya da ya maƙale ya riƙe shafin gaba ɗaya. Ajiye bayanan ƙarshe a wayar mutum, ka nuna su nan da nan tare da rubuta lokacinsu, kamar "An sabunta ƙarfe 7:40 na safe", don ya san ba na yanzu ba ne. Idan aikin zai yiwu ba tare da sabis ba, kamar kiran sunan malamar nan, a adana shi a waya, a tura idan sabis ya dawo, kuma a gaya mata an tura. Rage girman hotuna, cire bidiyo mai kunna kansa. Ba don banza Facebook ya fitar da Facebook Lite a 2015 ba: domin masu irin wannan waya da irin wannan sabis aka yi shi.

Akwai wani abu da nake so a ɗauka da muhimmanci. Ka ware wa kowane ɓangare gurbinsa tun kafin bayanansa su iso. Idan ba haka ba, mutum ya kai yatsa zai danna "Duba balas", sai wani hoto ya faɗo daga sama ya ture komai ƙasa, yatsan ya sauka kan "Tura kuɗi". A manhajar kuɗi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ya dace a nuna kuɗin mutum da bayanansa da zarar ya shiga?

A nan sai an yi la'akari da yadda muke rayuwa. A gidaje da yawa waya ɗaya ake karɓa-karɓa tsakanin maigida da uwargida da yara. Ɗalibi yana buɗe asusunsa a kafe, wato shagon intanet, wani na tsaye a bayansa yana jiran layi. A cikin bas daga PZ zuwa Samaru, na kusa da kai yana ganin allonka ko bai yi niyya ba. Saboda haka ka sa alamar ido da za a danna a rufe ko a buɗe balas, kuma manhaja ta tuna zaɓin mutum. Lambobin BVN da NIN, masu lamba 11 kowacce, ba su da abin yi a shafin farko. In dole ne a nuna, huɗun ƙarshe sun isa. Manhajar asibiti kuwa kada ta rubuta sunan cuta ko sakamakon gwaji a nan. "Kana da sabon sakamako" ya wadatar, mutum ya buɗe a inda ya ga dama.

Wannan ba kara ce kawai ba, akwai doka. A watan Yunin 2023 aka sanya hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar da ke sa ido kan lamarin, kuma cikin ƙa'idojinta akwai taƙaita bayanan da ake tarawa ga iya abin da ake buƙata da kuma tsare su. Sannan maɓallin fita ya kasance inda za a same shi cikin sauƙi. Ka gwada da kanka: fita, ka danna kibiyar komawa baya a burauza. Idan shafin ya dawo da bayanan mutum, da sauran aiki.

Kowa ne za a kai shafin farko bayan ya shiga?

A'a. Idan an turo wa uba mahaɗin sakamakon ɗansa ta WhatsApp, ya danna, aka ce ya shiga tukuna, to bayan ya shiga sakamakon za a kai shi. Kada a jefa shi shafin farko ya fara lalube. Amma ka tabbatar adireshin da za a mayar da shi na cikin manhajarka ne. In ba a bincika ba, 'yan damfara za su iya ƙirƙirar mahaɗin da zai bi ta shafinka na gaskiya ya ƙare a nasu na bogi. Ƙungiyar OWASP, mai aiki kan tsaron manhajoji, ta sa wannan rauni cikin jerin manyan haɗura goma na 2010 da na 2013.

Hausa zan rubuta ko Turanci?

Ka bar mutum ya zaɓa, ka tuna zaɓinsa, kuma wurin canzawa ya kasance a fili. Ɗalibin jami'a da ke harabar Kongo ba zai damu da Turanci ba, amma manomin da ke duba farashin taki zai fi sakewa da Hausa. Idan za ka sa Hausa, ka ba wanda ke magana da ita kullum ya rubuta, kada ka dogara da fassarar na'ura. Ka bar sarari a maɓallai, domin rubutun Hausa yakan fi na Turanci tsawo. Ka duba ko salon haruffan da ka zaɓa yana da ɓ da ɗ da ƙ da alamar ₦, don wasu sukan nuna ɗan akwati a madadinsu. Haruffan Noto na Google suna da su. Kwanan wata a fara da rana, sannan wata, kamar yadda muka saba, ba tsarin Amurka ba. Kowace alama kuma a rubuta sunanta a ƙasa, domin abin da kake ganin kowa ya gane, ba kowa ya gane ba.

Akwai ƙa'ida kan girman maɓalli da launi?

Akwai. Google ya ba da shawarar duk abin dannawa ya kai 48 a tsaye da kwance a ma'auninsa na Android, Apple kuma 44 a nasa. Ƙa'idar 2008 ta W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1. Rubutu mai ruwan toka a kan fari yana da kyau a ɗaki, amma fita da shi tsakar rana a watan Afrilu, a kan allon da ya tsage, ka ga ko za ka iya karantawa. Kada ka dogara da ja da kore kaɗai wajen nuna an biya ko ba a biya ba, akwai waɗanda ba sa bambance su, musamman cikin maza. Rubuta kalmar. Manyan sassa kuma, uku zuwa biyar, su zauna a ƙasan allo inda babban yatsa ke kaiwa.

Mai kamfanin ya dage sai an sa hotonsa da sanarwarsa a sama. Yaya zan yi?

Kada ka yi gardama da shi a kan kyau ko rashin kyau, ba za ka yi nasara ba, kuma kuɗinsa ne. Ka miƙa masa waya ka ce, "Alhaji, don Allah a gwada mana duba cinikin jiya." In ya ga sai ya ja shafi ƙasa sau biyu kafin ya kai, shi da kansa zai ce a gyara. Hoton da tarihin kamfani suna da gurbinsu a shafin waje. Sanarwa kuwa, in mai muhimmanci ce, layi ɗaya ya ishe ta, da wurin rufewa, da ranar da za ta sauka da kanta. Sanarwar hutun Sallah da ta kai watan Muharram tana rataye tana koya wa mutane su daina karanta duk abin da ka rubuta a wurin.

Ba ni da kuɗin bincike. Ta yaya zan san tsarin ya yi?

Mutum biyar kake buƙata. A 2000 Nielsen ya nuna cewa gwaji da mutum biyar yakan tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani, kuma ya fi kyau a yi ƙananan gwaje-gwaje sau da yawa da a yi babba sau ɗaya. Sharaɗin shi ne su kasance ainihin masu amfani, ba abokan karatunka ba. In manhajar 'yan kasuwa ce, kasuwa za ka je.

Ka ba mutum aiki, kamar "Baba, a duba mana nawa ake bin wane", sannan ka kama bakinka. Wannan shi ne mafi wahala. Za ka ga yatsansa na yawo sama da allo, ya wuce maɓallin da kake ganin ya fi komai fitowa fili, ya koma, ya ɗago kai ya dube ka. Kada ka nuna masa. Rubuta inda ya tsaya. Kuma kada ka tambaye shi ko ta yi kyau, domin mutanenmu suna da kara, zai ce maka ta yi ko da bai gane komai ba.

Bayan an fara amfani, ka riƙa duba abin da mutane ke fara dannawa da zarar sun shiga. In mafi yawansu suna tsallake duk abin da ke shafin su buɗe jerin zaɓi don neman abu guda, wannan abin shi ne ya kamata ya hau sama.

Idan na gano gyara, in canza nan take?

Ƙananan gyare-gyare, i. Babban sauyi kuwa sai da lura, domin hannun mutane ya riga ya haddace inda komai yake. A watan Satumban 2006 Facebook ya mayar da shafinsa na bayan shiga zuwa jerin labaran abokai ba tare da shirya mutane ba. Masu amfani suka yi ca, har sai da Mark Zuckerberg ya ba da haƙuri aka ƙara hanyoyin tsare sirri, duk da cewa tsarin ya zauna daga baya. Kai ba ka da ƙarfin jure irin wannan. Ka fara sakar wa mutane kaɗan, ka sanar kafin ranar, ka bar babban maɓalli a inda aka san shi. Kuma ka duba kalanda: manhajar makaranta ba a taɓa ta a makon biyan kuɗi ko fitar sakamako, ta mai taki ba a taɓa ta a farkon damina, ta 'yan kasuwa kuma a bari sai bayan Sallah.